Hedimastan Kusada da Malamin da Aka Ba Shi

A shekarar da aka sauke tutar Turawa aka ɗaga tamu na fito daga kwalejin horon malamai, kuma En'e, hukumar gargajiya ta wancan zamani, ta tura ni elementaren Kusada. Ni haifaffen Kankia ne, ɗan bakin titi, wanda ya saba da ƙarar motocin Kano da Katsina. Saboda haka da na ɗora akwatina a kan jakin wani maƙwabcinmu muka kama hanya ta cikin gonaki, gani nake an kai ni bangon duniya. Wanda ya tarye ni a ƙofar makaranta shi ne hedimasta, mutumin garin Ƙofa, dogo, siriri, mai yawan barkwanci, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Mahaifinsa malamin zaure ne, mahaifiyarsa kuwa Bafulatana, don haka ya tashi da Hausa da Fulatanci a baki ɗaya, ya kuma yi nisa a littattafan fiƙihu kafin a kama shi a kai shi boko.

Ban daɗe da zuwa ba na kwaso rajistocin makaranta na kakkaɓe su, na raba na kowane aji, na gyara inda gara ta ci. Ya tsaya a kaina yana kallo, can ya ce, "Kai, ashe ba malami En'e ta aiko mani ba, akawu ta aiko." Tun daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Akawu. Ni kuwa Malam nake ce masa, har ƙasa ta rufe idonsa.

Abin da ya bambanta shi da sauran hedimastocin gundumarmu shi ne ajin da ya buɗe a ƙauyen Kaikai domin 'ya'yan makiyaya. Kowa ya san yaran ruga ba sa zama a aji, kuma kowa ya yanke hukuncin cewa iyayensu ne ba sa so. Malam bai yarda da haka ba. Ya ce lokacin da makaranta take buɗewa shi ne lokacin da ake tatsa, lokacin da take tsakiyar karatu shi ne lokacin da maza ke bayan shanu, mata kuma sun ɗauki ƙwarya sun bi uwayensu tallar nono. Sai ya nemi lokacin da ruga ba ta buƙatar yaro, wato daga sallar asuba zuwa bushewar raɓa, kafin a saki dabbobi. A wannan ɗan tsakanin yake hawa kekensa ya je gindin wata tsamiya a bayan gari, ya fara da su da Fulatanci, ya gangaro da su Hausa, sai daga baya ya shigo da Turanci. Sannan ya dawo Kusada ya kama aikinsa na gwamnati. Babu takardar da ta ba shi izinin haka. Tsohon mai duba makarantu na gundumar ne ya sani, ya kau da kai, daga baya ma ya ba shi ƙaramin malami ya taimaka masa.

Haka aka yi ta tafiya har arzikin mai ya zo. Aka shiga shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, azuzuwa masu rufin kwano suka tsiro a ƙauyukan da ko rijiyar kirki ba su da ita, aka kuma ce daga yanzu duk wanda zai riƙe duba makarantu sai mai digiri. Tsohon mai dubawa yana gab da ajiye aiki. Babu wanda ya yi shakkar cewa Malam ne ya cancanci gadonsa, kuma shi da kansa ya san ajin Kaikai ba zai rayu a hannun baƙon da bai san dalilinsa ba. Digiri kaɗai ya rage masa. A lokacin jami'a ta buɗe ƙofa ga tsofaffin malamai masu satifiket, sai hukuma ta ba mu hutun karatu mu biyu, da sharaɗin cewa ranar da hutun ya ƙare, ko da digiri ko babu, mu dawo bakin aiki.

Ɗaki ɗaya aka ba mu. Shi ne mafi tsufa a ajinmu, samari suna kiransa Baba, yana kiransu 'yan fetur. Jarrabawowin farko bai sha wahalarsu ba. Abin da ya rage a shekarar ƙarshe shi ne kundin bincike, wanda ba a ba da digiri sai da shi, kuma kowane ɗalibi yana yin sa ne a ƙarƙashin malami guda mai duba masa aiki.

A farkon wannan shekara aka manna bayanin malaman sashen ilimi a allon sanarwa, kowanne da inda ya yi karatu da fannin da yake bincike a kai. Na kwafe shi duka, kamar yadda na saba, kuma har yau takardar tana wurina. Akwai wanda ya dawo daga Amurka da ilimin koyarwa ta talabijin, alhali a lardinmu garuruwan da ke da wutar lantarki ba su kai yatsun hannu ba. Akwai Bature masanin tarihin makarantun mishan. Akwai wata baiwar Allah da ta ƙware a kan wasannin motsa jiki, da wani matashi mai nazarin shugabancin manyan kwalejoji. Ban raina ilimin kowa a cikinsu ba. Kowanne ya sha wuya kafin ya samu abin da ya samu. Amma mutum biyu ne suka shafe mu. Na farko wani Dakta ne daga ƙasar Indiya, wanda digirinsa duka a kan ƙididdiga ne da gwajin basirar yara. Na biyu wani dattijo ne Bafulatani daga gabas, wanda ya fara da koyarwa a elementaren ƙauye kamar mu, ya je Ingila ya dawo, kuma abin da aka rubuta a gaban sunansa shi ne karatun 'ya'yan makiyaya da na yaran da harshen gidansu ya bambanta da na makaranta.

Ko makaho ya shafa wannan allo ya san wa ya dace da wa. Malam yana son ya rubuta abin da ya koya a gindin tsamiyar Kaikai; ni kuwa ina son in bi sakamakon jarrabawar makarantun gundumarmu in ga inda ake hawa da inda ake sauka. Amma shugaban sashe yana can wata ƙasa wurin taro, kamar yadda manyan jami'a suka saba a waɗannan shekaru na wadata, sai aka bar wa akawun sashe rabon ɗalibai. Shi kuwa ya ɗauki sunayenmu bisa jerin haruffa, ya yanka su kashi-kashi kamar mai rabon naman watanda, ya miƙa wa kowane malami kasonsa. Malam ya faɗa hannun Dakta mai ƙididdiga, ni na faɗa hannun dattijo.

Da na ga rabon ban tayar da hankalina ba, domin na karanta dokokin sashe, na san ɗalibi yana da damar neman canji a cikin zangon farko, muddin ya rubuta da hannunsa, kuma aka samu wanda za su yi musanya da shi don kada kason wani malami ya fi na wani. Na tsaya na kwafe sashen dokar, na koma ɗaki ina murna. Na tarar da Malam zaune a bakin gado cikin babbar rigarsa ta Juma'a, da wani ƙaton littafi a cinyarsa.

Na ce, "Malam, ka dubi allon nan da kyau kuwa?"

Ya ce, "Na duba, Akawu. Har na je na gaishe shi. Mutumin kirki ne ƙwarai. Na tuɓe takalmi a ƙofa na durƙusa, sai ga shi ya zaburo kamar na faɗi ne, ya kama ni ya aza bisa kujera. Ya ba ni wanga littafi, har mun karanta shafin farko tare."

Na zauna na shimfiɗa masa maganar musanya dalla-dalla, na karanta masa dokar. Ya saurara har na gama, yana shafa bangon littafin.

Ya ce, "Da ka zo mani da wannan magana da safe, da na bi ka. Yanzu kam bakin alƙalami ya bushe. Na riga na buɗe littafi gabanshi."

Na san abin da yake nufi, domin ni ma na zauna a zaure. Wanda ya buɗe littafi a gaban malami ba ya rufe shi ya ɗauka ya kai gaban wani. Sai dai malamin da kansa ya ce masa, tashi ka tafi wurin wane, ya fi ni sanin wannan fanni. In ya tafi ba da sallama ba, ya ci fuskar malaminsa, kuma abin da zai karanta a can ba zai yi albarka ba. A haka mahaifinsa ya tarbiyyantar da shi, a haka kuma ya ga ɗalibai suna zuwa Ƙofa suna tafiya.

Na ce, "Malam, nan fa jami'a ce, ba zauren Baba na Ƙofa ba ne."

Ya ce, "Halan ilimin nan ba ya buƙatar albarka? Ko man fetur ya wanke ta?"

"Shafi ɗaya tak kuka karanta!"

"Kai da ke son lissafi, gaya mani a shafi na nawa mutum ke zama malaminka."

Na ajiye takardar dokar a kan gado. Ya yi dariya, ya ce in kwantar da hankalina, Dakta mai ilimi ne, da ya ga inda bincikensa ya dosa zai tura shi wurin dattijo da kansa, kamar yadda kowane malami yake yi.

Ban kwantar ba. Na fara zuwa wurin dattijo, tunda shi ne malamina, na gaya masa irin mutumin da ke zaune a ɗakinmu da irin aikin da ya yi. Idanunsa suka yi haske, ya yi ta tambayata yadda ake fara karatun, da abin da iyaye suka ce, da yadda ake yi in rugar ta tashi. Da na roƙe shi ya nemi a ba shi Malam, sai ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ɗana, ni ba na shiga garken wani in koro saniya, ko da tawa ce ta ɓata a ciki. In Dakta ya turo shi, da hannu biyu zan karɓa."

Daga nan na je wurin Dakta. Ya karɓe ni da mutunci, ya saurare ni, muka yi magana da Turanci. Ya ce abokina bai taɓa nuna masa yana da damuwa ba, kullum da fara'a yake zuwa. Ya ce a jami'ar da ya fito, malami ya ce wa ɗalibi tafi wurin wani, tamkar ya rubuta masa a goshi ne cewa bai iya komai ba. Shi kansa an taɓa yi masa haka yana saurayi, ya daɗe bai iya haɗa ido da abokan karatunsa ba, kuma ya yi alkawarin ba zai yi wa kowa ba, balle mutum kamar Malam, wanda ya kusa haihuwarsa. "Ya zo ya faɗa da bakinsa, ko kalma ɗaya ce," in ji shi, "a take zan sa hannu." Na yi ƙoƙarin bayyana masa al'adar zaure, amma na ga alama ya ɗauka ni ne nake neman hanyar zama ɗalibinsa, nake fakewa da abokina.

Na koma na gaya wa Malam yadda muka yi. Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci kamar ranar ba. Ya ce, "Ƙarar malamina ka kai? Wa ya aike ka?" Da ya huce kuma ya ce, "To ka ji da kunnenka. Bai sallame ni ba." Na rubuta wa shugaban sashe takarda ina ƙorafi a kan yadda aka yi rabon, na nuna cewa babu amfanin a manna fannin kowane malami a allo in ba za a dube shi wajen raba ɗalibai ba. Ba a ba ni amsa ba. Zangon farko ya ƙare, ƙofar canji ta rufe, mutum uku masu mutunci kowanne yana zaune yana jiran ɗaya ya fara magana.

Dakta bai yi ha'inci ba. Abin da ya sani shi ya koyar. Ya ce labarin gindin tsamiya yana da daɗi, amma labari ba bincike ba ne sai an auna. Ya ba Malam wani littafin gwajin basira da aka buga a ƙasar waje, mai hotuna da tambayoyi, kowace tambaya da ƙayyadadden lokacinta, ya ce ya gwada yaran Kaikai da shi ya kawo sakamako. Malam ya ce, "To, Dakta."

Da aka yi hutu, damina ta zauna, muka dawo gida. Na raka shi Kaikai domin in riƙe masa agogo. Muka isa gari bai gama wayewa ba, ƙafafun wandunanmu sharkaf da raɓa, gero ya kai gwiwa. Yaran suna ganinsa suka taso da gudu, sannan suka tuna da kansu suka durƙusa. Ardon rugar da wasu dattawa suka shimfiɗa buzu a gefe don su ga abin da malaminsu ya kawo daga jami'a.

Malam ya buɗe littafin, yana fassara tambayoyin da Fulatanci. Yaron ruga mai tarbiyya ba ya amsa wa babba da sauri, ba ya kallon idonsa, kuma ba ya buɗe baki in yayansa yana wurin bai yi magana ba. Balle ga iyayensa zaune suna ji. Sai a yi tambaya, yaro ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa, yana jiran lokacin da ya dace ya amsa, kafin nan ni kuma na ce lokaci ya cika. Na faɗi haka sau da yawa har ardo ya kasa haƙuri. Ya ce, "Malam, wanga abokin naka mai agogo, jirgi zai kama ne? In sauri yake a ba shi fura ya wuce." Dattawa suka yi dariya, Malam ma ya yi, ni kuwa na ji kamar in jefa agogon a cikin gona.

Hotunan su ma ba na duniyarsu ba ne: gida mai matakala, famfo, kofi a kan ɗan faranti, wani mutum mai hula da jaka yana saka takarda a bakin jan akwati. Da aka tambayi wata yarinya abin da mutumin yake yi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce a hankali yana ba abin da ke cikin akurkin abinci ne. A ganina amsa ce ta mai hankali. Littafin bai ba ta maki ko ɗaya ba.

Raɓa ta bushe, aka saki shanu, yaran suka bi su. Muka zauna a gindin tsamiya na haɗa makin bisa ƙa'idar da Dakta ya ba mu. Mafi yawansu suka faɗa rukunin da littafin ya kira masu raunin basira, har da waɗanda Malam ya koya wa karatu da harshe uku. Ya dubi takardar, ya ce, "Akawu, sake lissafawa." Na sake. Ya ce, "Kai dai ba ka taɓa yin kuskure ba, ko don ka faranta wa mutum rai." Ya naɗe takardar ya sa a aljihu, muka kama hanyar Kusada.

Da muka koma jami'a Dakta ya yaba da tsabtar aikin. Ya ce abin da ya rage shi ne babin ƙarshe, inda za a faɗi abin da alƙaluman suka nuna, kuma ba laifi a ƙara ɗan bayani cewa gwajin ba a ƙasar nan aka tsara shi ba. Malam ya ce, "To, Dakta." Amma makonni suka wuce bai ɗora alƙalami a takarda ba. Da na matsa masa, sai ya ce:

"Kundin nan kwafinshi ma'aikatar ilimi za a kai. Ka san mutanen ofis, kai ma ɗan ofis ne a zuciya: ba su karanta bayani, jadawali suke dubawa. Wata rana wani zai buɗe, ya ga ɗiyan Fulani ba su da basira, ya duba ƙasa ya ga sunana, ya ce ga malaminsu da kanshi ya shaida. Da wane ido zan wuce ta rugar nan?"

Na ce, "To ka gaya wa Dakta ba za ka rubuta ba, ka gaya mashi dalili."

Ya dube ni kamar na ce ya mari mahaifinsa. "In ce ma malamina a'a?"

Abin da ya yi shi ne abin da ɗalibin zaure yake yi in yana da buƙatar da ba ta faɗuwa: ya yawaita gaisuwa. Kowane mako sai ya sa babbar riga ya je ofishin Dakta, ya tambayi lafiyarsa da ta iyali, da yadda suke fama da zafin ƙasarmu, ya zauna shiru na wani lokaci, sannan ya yi sallama ya fito. A Ƙofa, malamin da ɗalibi ya yi wa irin wannan zarya ba ya bari a yi ta uku bai ce masa, mi ke tafe da kai ba. Dakta kuwa ya ɗauka ladabi ne kawai na mutanen Arewa.

A nawa ɓangaren, dattijo ya karanta babin farko na kundina, ya ajiye tabarau, ya ce, "Ɗana, ni ban san ƙididdiga ba, ba kuwa zan cuce ka ba. Je ka wurin Dakta ka ce ni na turo ka, in kun gama ka kawo in sa hannu." Haka na zama mai malami biyu, alhali wanda ya fi ni buƙata yana zaune da rabin ɗaya. Wannan zuwa da nake yi ne ya sa Dakta ya saba da ni, har wata rana ya tambaye ni abin da ke damun abokina, da yake zuwa ya zauna ya tafi ba da ko shafi ɗaya ba. Na sake yi masa bayanin da na yi a farkon shekara. Wannan karon ya gane, domin ya ga yadda dattijo ya turo ni ba tare da wani ya ji kunya ba. Ya dafe kai.

Washegari ya aika aka kira Malam. Ina wurin. Ya miƙe tsaye ya ce masa aikin da yake son yi aiki ne mai daraja, amma ba fanninsa ba ne, ya tafi wurin dattijo da yardarsa da fatan alherinsa. Malam ya durƙusa ya yi godiya. Muka fito yana ce mani, "Ba na gaya maka ba, Akawu? Malami malami ne, ko daga ina ya fito."

Muka nufi ofishin dattijo muka tarar ana fitar da littattafansa a kwali. An ƙirƙiro sababbin jihohi, jiharsu ta kira shi ya riƙe babban muƙami a ma'aikatar ilimi, kuma an ba shi 'yan kwanaki ne kawai ya je ya kama aiki. Ya sa hannu a kundina a tsaye. Da na gabatar masa da Malam, suka gaisa da Fulatanci, gaisuwa mai tsawo, kowanne yana kallon ƙasa. Ban ji abin da suka ce ba, amma na ga dattijo ya riƙe hannun Malam da hannuwansa biyu ya ƙi saki, har direba ya yi masa magana.

Babu wani a sashen da ya san wannan fanni, kuma doka ba ta yarda a canza batun bincike a zangon ƙarshe ba. Dakta ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya rubuta yana roƙon a ƙara wa Malam shekara. Jami'a ta ce ba ta ƙi ba in hukumarsa ta yarda. Hukuma ta ce azuzuwa sun yi yawa, malamai sun yi kaɗan, ba za ta ƙara ko wata ɗaya ba. Hanya ɗaya ta rage, ya rubuta babin nan kamar yadda alƙaluma suka nuna ya karɓi digirinsa. Na roƙe shi, na ce in ya hau kujerar ai shi ne zai kare ajin, kuma kundin ƙila babu mai buɗe shi har abada. Ya ce, "Ƙila. Amma ni na san abin da ke ciki."

Har yau in na tuna raina yana ɓaci, kuma ba da Dakta ba, ba da dattijo ba. Jami'ar da ta iya ɗauko masana daga ƙasashe masu nisa, ta biya musu jirgi da gida, ta kasa samun mutum ɗaya da zai zauna na rabin yini ya karanta abin da ita da kanta ta manna a allo, ya dubi ɗalibanta ya ga wa ke neman me. An tara ilimi iri-iri a gini ɗaya, aka bar jerin haruffa ya raba shi.

Ranar da muka dawo, bas ta sauke mu a tashar Kankia da la'asar. Labari ya riga mu cewa malamai sun gama jami'a, don haka muka tarar da mutanen Kusada da na Ƙofa sun zo tarye, har ardo ya aiko da ƙwaryar nono. Kafin kowa ya buɗe baki ya yi masa barka, Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi wa Akawu barka, shi ya samo. Ni rakiya na yi." Aka yi dariya, ana tsammanin barkwancinsa ne na kullum. Sai da suka ga fuskata dariyar ta mutu.

Ni aka ce fannina lissafi ne ba mulki ba, aka ajiye ni a ofishin ilimi na Kankia ina kula da bayanan makarantu. Duba makarantu aka ba wani matashi daga wani lardi, mai digiri a kan tsarin mulkin makaranta. Ba mugu ba ne, abin da aka koya masa shi ya yi: ya fitar da umarni cewa kowace makaranta ta buɗe ta kuma tashi a lokaci ɗaya, kuma kada a yi aji a inda babu gini. Na je na yi masa bayani, ya tambaye ni ko akwai wani bincike da ya goyi bayan tsarin na Kaikai. Na ce babu. Aka ɗauke ƙaramin malamin, aka ce yaran ruga su riƙa zuwa sabuwar firamare da hantsi kamar kowa. Suka zo na ɗan lokaci don kunyar Malam, sannan suka daina.

Bayan an kwana biyu aiki ya kai ni Kusada, na shiga gaishe shi. Ya rame, furfura ta cika masa gemu, amma bakinsa yana nan. Ya ce, "A'a, manyan ofis! A kawo rajista ne ko a kawo ruwa?" Muka taɓa hira, ban ta da maganar Kaikai ba, shi ma bai tayar ba. Can ya ce, "Ina labarin malamina? Kana jin ɗuriyarshi?"

Na ce kwangilar Dakta ta ƙare, ya koma ƙasarsu. Sai abin da ke cikina ya ɓalle, na shiga faɗin maganganu a kan jami'a da malamanta da littafin gwajinsu, muryata tana tashi har yaran ajin kusa suka yi tsit.

Ya bari na gama, sannan ya ce, "Akawu, jami'a ka zage ta yadda kake so. Amma shi ka cire shi. Abin da ya sani ya koya mani, da ya ga ba nashi ba ne kuma ya sallame ni. In ka samu mai zuwa can, a ce ina gaishe shi."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya dubi sabon jadawalin da ke manne a bango, ya ga shi ke da aji, ya ɗauki allinsa ya fita.